Darasi Na Tara: Shugaban Makaranta Da Amanar Ɗalibai

Wannan darasi na hedimastoci ne da firinsifal-firinsifal, da masu makarantun kuɗi, da shugabannin Islamiyyu, da 'yan kwamitin kula da makaranta. Zai taɓo abubuwa huɗu da ake yawan rarrabawa a ofisoshin gwamnati, alhali a harabar makaranta wuyan mutum ɗaya suke rataye: tsaron rayukan yara, dokokin da suka shafi hakan, inda kuɗin aikin yake fitowa, da yadda ake horar da ɗalibi idan ya yi laifi. Shugaban makaranta ba shi da bindiga, ba shi ke raba kasafin jiha ba. Amma akwai aiki mai yawa da in bai yi shi ba, babu soja ko gwamnan da zai yi masa.

Yara nawa ne a makarantarka yau?

A daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Jihar Zamfara. Da farko an sanar cewa ɗalibai 317 aka tafi da su. Da aka sako su, 279 aka ƙirga. A Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a Jihar Kaduna, inda aka kwashi yara ranar 7 ga Maris na 2024, adadin da aka fara bayarwa 287 ne, daga baya gwamnati ta ce 137 ne. Haka aka yi ta ja-in-ja kan lissafi a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, kafin yara sama da 300 su dawo gida.

Wani ɓangare na wannan ruɗani dole ne, domin a lokacin hari yara kan watse cikin daji, wasu su zarce gidajen iyayensu ba tare da kowa ya sani ba. Sai dai wani ɓangaren laifin rajista ne. A makarantu da yawa, littafin kiran suna yana ɗauke da sunayen yaran da suka daina zuwa tun zangon bara, da na waɗanda aka aurar, da na waɗanda ba a taɓa ganinsu ba (wasu shugabannin na barin irin waɗannan sunaye da gangan saboda kuɗin ciyarwa, kuma kowa ya san da haka). Ranar da abu ya faru, shugaban da ke riƙe da irin wannan littafi ba zai iya gaya wa uwa ko ɗanta na cikin waɗanda aka tafi da su ba. Masu ceto ma ba za su san lokacin da aikinsu ya kammala ba.

Saboda haka aikin tsaro na farko shi ne kiran suna. A makarantar jeka-ka-dawo a kira da safe, a sake kira bayan an dawo tara. A makarantar kwana a ƙara da na dare, ɗaki-ɗaki, kuma malamin da ke kan aiki ya yi da kansa, kada ya bar wa firifet. Kowane yaro ya kasance an rubuta sunan mahaifinsa ko mariƙinsa, da unguwarsu, da lambar waya biyu. A ajiye kwafi ɗaya a wajen makaranta, a gidan shugaban kwamiti ko a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, don littafin da ke cikin ofis yana iya ƙonewa tare da ofishin. Wanda ke da wayar zamani ya ɗauki hoton shafukan a farkon kowane zango.

Ga ƙananan yara kuwa, a rubuta sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukarsu, kuma kada a miƙa yaro ga wanda ba ya cikin takardar, ko da ya ce shi kawunsa ne. Mutanen Kano ba su manta da yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a ƙarshen 2021 aka kashe ba, wadda kotu ta tabbatar a 2022 cewa mai makarantar da take zuwa ne ya aikata. Bayan wannan lamari gwamnatin jihar ta janye lasisin makarantun kuɗi don a sake tantance su. Haɗari ba daga daji kaɗai yake zuwa ba. Duk wanda za ka ɗauka aiki, malami ko maigadi ko direba ko mai dafa abinci, ka san gidansu, ka san wanda ya tsaya masa.

Katanga da kunnen gari

Idan aka tambayi shugabannin makarantu abin da suke buƙata, kusan kowa katanga zai ce. Gaskiya ne tana da amfani: tana hana dabbobi da masu yanke hanya da 'yan shaye-shaye mayar da ajujuwa matattara, tana kuma sa a san wanda ya shiga da wanda ya fita. Amma ba ta tsayar da mutum ɗari a kan babura. A Ƙanƙara, yara da yawa sun tsira ne ta hanyar haura katanga. Katanga mai tsayi da ƙofa ɗaya tak tana iya zama kurkuku. In za a gina, a bar ƙofar baya da malamai suka san inda mukullinta yake.

Abin da ya fi katanga tasiri shi ne labari ya zo da wuri. Ƙungiyar Amnesty ta ce jami'an tsaro sun sami gargaɗi sa'o'i kafin harin Chibok na 14 ga Afrilun 2014, inda aka sace 'yan mata 276, ta kuma faɗi makamancin haka game da Dapchi, inda aka kwashe 110 a watan Fabrairun 2018. Sojoji sun musanta. Ba za mu yanke wannan hukunci a nan ba. Abin lura a gare mu shi ne, ayarin maharan ya ratsa ƙauyuka, mutane sun gan shi. Tambayar da shugaba zai yi wa kansa ita ce: idan manomi ko makiyayi ko ɗan acaɓa ya ga baƙin fuska suna dosowa, yana da lambata? Zai ga dacewar ya kira ni?

Wannan ba ya samuwa a ranar tashin hankali. Ana gina shi ne da zuwa gaisuwa wurin hakimi da dagaci da masu unguwanni, da zama da liman ko fasto, da sanin shugaban 'yan sintiri da na mafarauta, da zuwa ofishin difi'o da na Sibil Difens tun babu matsala. Lambobinsu su kasance a rubuce a bangon ofis da ɗakin maigadi, tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Inda babu sabis ɗin waya, a san tudun da ake hawa a samu, a kuma san wanda zai hau babur ya kai saƙo.

Kada mai makarantar jeka-ka-dawo ya ce wannan maganar 'yan makarantar kwana ce. Yaran Islamiyyar Tegina a Jihar Neja, su fiye da ɗari, da rana tsaka aka kwashe su a watan Mayun 2021. Na Kuriga kuma da safe, ana gama taron safe. Idan labari ya nuna akwai barazana, shugaba ya sallami yara, sannan ya sanar da na gaba da shi. Takardar tuhuma daga ma'aikata abu ne da ake amsawa.

Wuta, gini da ciwo

Garkuwa da ɗalibai ita ke cika gidajen rediyo, amma yawancin makarantu ba za su taɓa ganin ɗan bindiga ba. Wuta kuwa tana iya tashi a ko'ina. A watan Afrilun 2021, yara kusan 20 suka mutu a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, lokacin da ajujuwan zana suka kama. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin haka a Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. A watan Fabrairun 2025 gobarar dare ta kashe almajirai 17 a Ƙauran Namoda. A Jos kuma, ranar 12 ga Yulin 2024, benen wata makaranta ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka mutu.

A ɗakunan kwanan ɗalibai, masu jawo wuta sanannu ne: hita da ake tsomawa a bokiti, igiyar leƙo kusa da katifa, kyandir, risho, da wayoyin lantarkin da yara ke haɗawa da kansu don cajin waya ko tocila. Masu kashe yaran kuma ƙofa ce da aka garƙame ta waje da kwaɗo, da tagogi masu ƙarfe. Ana kulle ɗakin 'yan mata da dare da niyyar kare su, sai mai riƙe da mukulli ya tafi gida ya kwanta. Ƙa'ida ita ce: duk ɗakin da yara ke kwana ya zama yana buɗuwa daga ciki, ya kasance da mafita biyu, kuma babba ya kwana kusa. Tukunyar kashe gobara tana da ranar lalacewa a rubuce a jikinta, a duba. Inda babu ita, bokitan yashi a bakin kowace ƙofa sun fi babu. A koya wa yara cewa ba a watsa wa wutar lantarki ko ta mai ruwa.

Sai atisaye. Kalmar ta fi aikin nauyi. A ware ƙara biyu da kowa zai bambanta: ɗaya na cewa "ku fito", ɗaya na cewa "ku ɓuya ko ku watse". Ƙararrawar shiga aji ba za ta yi ba. A nemi usur ko ganga ko wani bugu na daban. A zaɓi wurin taruwa nesa da gini. Kowane malami ya fito da ajinsa da rajistarsa a hannu, ya kira suna a filin. A ba manyan yara alhakin ƙanana, a kuma sa wa kowane yaro mai lalurar ƙafa ko ido ko ji mutum takamaimai. A gwada sau ɗaya a kowane zango, makarantar kwana kuma ta gwada har da dare. Karon farko a sanar da iyaye da mutanen gari tukuna, don kada a tayar da hankalin da ba a shirya ba. Za a ga hargitsi a gwajin farko, kuma wannan hargitsin ne amfanin gwajin: a nan za a gano ƙofar da ta cije da malamin da bai san wurin taruwa ba.

Bangon da ya tsage, rufin da ya lotsa, rijiya ko masai marar murfi, duk a kai rahotonsu a rubuce, a riƙe kwafi, a fitar da yara daga ajin. Karatu a gindin bishiya ba abin kunya ba ne. Haka nan idan yara biyu ko uku suka kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko amai da gudawa, ko ciwon maƙogwaro irin na mashaƙo, a kira jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar. Ɓoye irin wannan don kare sunan makaranta shi ke mayar da mutum uku su zama talatin.

Takardun gwamnati da kuɗin aiki

Bayan Chibok, a watan Mayun 2014 aka ƙaddamar da Shirin Makarantu Masu Aminci a Abuja, tare da Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya. 'Yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta sa kwatankwacinsa. A 2015 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Oslo ta kare makarantu a lokacin rikici, wadda ta nemi a guji mayar da makarantu sansanin soja. A 2021 aka fitar da manufar ƙasa kan tsaro da hana cin zarafi a makarantu, tare da littafin mafi ƙarancin ƙa'idojin da kowace makaranta za ta cika. A ƙarshen 2022 aka fitar da tsarin samar da kuɗi na shekarun 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8, sannan a 2023 aka buɗe cibiyar haɗa kan jami'an tsaro don kai ɗauki ga makarantu a hedikwatar Sibil Difens. Ka nemi littafin ƙa'idojin nan a ma'aikatar ilimi ko ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku, wato SUBEB. Amfaninsa a gare ka shi ne, idan ka rubuta takardar neman gyara, za ka nuna abin da gwamnati da kanta ta ce wajibi ne.

Kada dai ka zauna jiran biliyoyin nan. Kaɗan ne daga cikinsu ke isa ƙofar makarantar ƙauye. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ta dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta, shi ya sa kuɗin jihohi da yawa kan daɗe a kwance a Abuja. Ayyukan da za a yi da kuɗin ana tsara su ne a SUBEB, saboda haka buƙatarka sai ta bi ta hannun sakataren ilimi ta shiga wannan tsarin kafin a rufe shi. Akwai kuma shirye-shirye irin su AGILE na Bankin Duniya, wanda ya fara da jihohi bakwai, cikinsu har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, yana kuma tura tallafin gyara kai-tsaye ga kwamitocin makarantu. Makarantar da kwamitin kula da ita, wato SBMC, ya mutu, ko ba ta da asusun banki da tsarin aiki a rubuce, irin wannan tallafi wuce ta yake yi.

Sauran kuwa daga gida ne: ƙungiyar iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, attajiran gari, aikin gayya. A nan amana ce jari. Kowane kwabo a yanka masa rasit, asusun ya kasance da sa hannun mutum biyu ko uku, a karanta shiga da fita a taron iyaye, a liƙa a allo. Kada a ƙaƙaba wa iyaye harajin da hukuma ba ta amince da shi ba, kada kuma a kori yaro don bai biya kuɗin maigadi ba. In kuɗin kaɗan ne, a fara da albashin maigadi a kan lokaci, da tocila, da usur, da katin waya, da gyaran ƙofofi, da akwatin taimakon gaggawa. Fentin ofishin firinsifal zai iya jira.

Bulala

A nan ne gardama take, don haka a nan za mu daɗe. Yawancinmu da bulala aka rene mu. Uba kan kai ɗansa makaranta ya ce wa malam ya yi duk abin da ya ga dama, kuma malamai da yawa na ganin ranar da aka ajiye dorina, ranar tarbiyya ta ƙare.

Ga abin da doka ta ce. Kundin Final Kod da Arewa ta gada tun 1960, a sashe na 55, ya bar wa malamin makaranta damar horar da yaron da aka ba shi amana, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba. Karaya, gocewar ƙashi, zubar haƙori, lalata ido ko kunne, duk mummunan rauni ne, kuma wanda ya jawo su kotu zai je. A ɗaya ɓangaren, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, jihohin Arewa sun yi nasu dokokin kare yara a kan wannan turba, manufar ƙasa ta 2021 kuma tana neman a raba makarantu da duka. Wasu jihohi, irin su Legas, sun hana shi baki ɗaya. Ka nemi sanin umarnin ma'aikatar jiharku, ka karanta wa malamanka. Mari ɗaya a kunne yana iya fasa dodon kunne, kuma ranar da hakan ta faru, uban da ya ce a yi duk abin da aka ga dama shi zai fara isa caji ofis.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi ba ta tsoron kotu ba ce. Yara su ne suka fi kowa sanin abin da ke gudana a makaranta. Sun san wanda ya shigo da wuƙa, sun san ramin da ake fita ta katanga, sun san baƙon da ke tambayar lokacin da maigadi ke barci, sun san malamin da ke kiran 'yan mata ofis bayan an tashi. Yaron da ya saba cewa duk wanda ya buɗe baki tsallen kwaɗo ko gwale-gwale ne sakamakonsa, ba zai kawo maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Makarantar da ake mulki da tsoro shiru gare ta, shugabanta kuma shi ne na ƙarshen jin labari.

Ajiye bulala ba sakin linzami ba ne. Dokokin makaranta su zama kaɗan, a rubuce, da Hausa in ita yaran suka fi ji, a karanta wa iyaye ranar ɗaukar ɗalibi su sa hannu. Kowane laifi a san hukuncinsa tun kafin a aikata, kuma hukuncin ya yi daidai da laifin: wanda ya ɓata aji ya share, wanda ya fasa taga ya gyara ko iyayensa su biya, wanda ya makara ya rama lokacin. Daga gargaɗi a keɓe, sai a rubuta a littafin horo, sai a kira iyaye, sai kwamitin ladabtarwa. Dakatarwa da kora su ne na ƙarshe, bayan an ji ta bakin yaron, kuma a makarantar gwamnati kora ba ta tabbata sai da sanin hukumar da ke sama. Ka tuna yaron da ka kora ba ɓacewa yake yi ba; a bakin tasha ko cikin 'yan daba za ka sake ganinsa. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ɗan malami da ɗan maigadi, hukunci ɗaya. Yara na iya jure tsanani, son kai ne ba sa yafewa.

Abu biyu ne kada a sassauta a kansu. Na farko, ba wa manyan ɗalibai ikon dukan ƙanana. A makarantun kwana, mafi munin azaba a hannun siniyoyi ake shanta, da dare, bayan malamai sun tafi. Firifet ya rubuta suna ya kawo, iyakarsa ke nan. Na biyu, lalata da ɗalibi. Wannan ba laifin makaranta ba ne da za a sasanta a ofis ko a wanke da canjin wurin aiki. Laifi ne na kotu. A raba wanda ake zargi da yara nan take, a kai yaron asibiti, a sanar da iyaye da 'yan sanda da ma'aikata, a kuma rufa wa yaron asiri. Kowace makaranta ta ware malama ɗaya da malami ɗaya da yara suka sake da su don karɓar koke, tare da akwatin da shugaba da wani ɗan kwamiti kaɗai ke buɗewa.

Aiki

1. Kafin zama na gaba, ƙirga yaran da ke makarantarka a rana ɗaya, ka kwatanta da adadin rajista. Rubuta bambancin da dalilinsa.
2. Zana taswirar makarantarku, ka nuna ƙofofi, da wurin taruwa, da hanyar da mahari zai fi saurin biyowa.
3. Ku kasu gida uku a aji. Wani uba ya zo yana cewa a ci gaba da dukan ɗansa, malamin ajin kuma ya goyi bayansa. Ɗaya ya zama uban, ɗaya malamin, ɗaya hedimasta.
4. An ba kwamitinku naira 200,000 don tsaro. Rubuta abin da za ku saya, da abin da za ku bari sai baɗi.